Aska a Hannun Ɗan Koyo: Tarihin Yadda Mutum Ya Fara Aske Fuskarsa da Kansa

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce "na yi aski", babu mai ɗauka cewa shi ne ya riƙe askar. Abin da kowa zai fahimta shi ne ya je wurin wanzami, ko kuwa wanzami ya same shi a zaure, an aske masa kai ko an yi masa gyaran fuska. In shi ya yi wa kansa, sai ya ƙara da cewa "da kaina". Ɗaliban da suka taso da Faransanci sun san cewa wannan harshe ya raba abin gida biyu: akwai se raser, wato mutum ya aske kansa da kansa, akwai kuma se faire raser, wato ya sa a aske masa. Hausa ba ta matsa wa kanta da wannan rarrabewa ba, kuma dalilin haka yana cikin tarihi ne, ba cikin nahawu ba. A mafi yawan zamanin da ɗan Adam ya yi yana cire gashin fuska, aski aiki ne da wani yake yi maka. Wanda ya koyi riƙe aska sana'a ya koya, ba tsabtar jikinsa ba.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi har mutumin da ba wanzami ba ya zama ɗan koyon aska, yana tsaye gaban madubi da kaifi a maƙogwaronsa. Mafi yawan labarin a Turai da Amurka ya faru, can za mu bar shi. Ƙasar Hausa za ta shigo ne a wurare biyu: inda wanzancinmu ya yi kama da nasu, da kuma inda rezar da suka ƙera ta iso kasuwanninmu ta sauya sana'ar. Da kalmar "aska" ana nufin buɗaɗɗiyar aska mai baki ɗaya wadda ba ta da wata kariya, ko ta maƙeranmu ce ko ta Turawa mai naɗewa cikin mariƙinta. "Reza" kuwa ita ce siririyar nan da ake yarwa idan ta dakushe.

2.0 Wuyanka a hannun wani

An tono asake na tagulla a kaburburan tsohuwar Masar, kuma masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya ba da labarin cewa limaman Masar kan aske jikinsu gaba ɗaya a kai a kai saboda tsarki. A Rum, marubutansu sun ce wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa aka kawo wanzamai na farko daga tsibirin Sisili. Daga nan rumfar wanzami ta zama majalisar gari, inda ake jin labari da tsegumi. Askin gemun farko na saurayi biki ne a wurinsu, har an ce Sarki Nero ya sa nasa gashin cikin akwatin zinari ya kai wurin bauta. Askar wancan zamani ta baƙin ƙarfe ce mai saurin dakushewa, babu sabulun aski, madubin ma gogaggen ƙarfe ne. Da irin waɗannan kayan, ko mai son ya aske kansa sai ya haƙura.

Sai dai miƙa wuya ga mai aska yana bukatar amana. Cicero ya kawo labarin Dionysius, azzalumin sarkin Sirakus da ke Sisili, wanda tsoron kada a haɗa baki da wanzami a yanka shi ya sa ya koya wa ƴaƴansa mata aski. Da suka girma sai ya ji su ma bai amince musu da ƙarfe ba, ya ce su riƙa babbake masa gemu da ɓawon ƙwallon itace mai zafi. Duk wanda ya san matsayin Sarkin Aska a fadojin ƙasar Hausa zai gane abin da ke cikin wannan labari. Mutumin da aka yarda ya tsaya a kan sarki da aska, sarki ba rawani, ba ƙaramin mutum ba ne a fada ko da kuwa ana yi wa sana'arsa kallon ta talakawa.

3.0 Wanzamin Turai da wanzamin Hausa

Ɗalibai da yawa kan yi mamaki idan suka ji cewa Turai ma ta yi wanzamai irin namu, masu haɗa aski da fiɗa. A shekarar 1215 babban taron shugabannin Cocin Katolika da aka yi a Rum ya hana manyan limamai yin duk wani aikin magani da ya shafi yanka ko lalas. Likitocin da suka yi jami'a kuma suna ganin taɓa jini ƙasƙanci ne. Saboda haka aikin ya tattara a hannun mai aska: shi ke tsaga jijiya a zubar da jini, shi ke yin ƙaho, shi ke cire haƙori, shi ke fasa maruru. A Landan, a 1540, zamanin Sarki Henry na Takwas, doka ta haɗa masu aski da masu fiɗa cikin ƙungiyar sana'a ɗaya, ba su rabu ba sai a 1745. Ambroise Paré, wanda ya yi wa sarakunan Faransa huɗu hidima a ƙarni na 16 kuma ake lissafa shi cikin iyayen ilimin fiɗa na zamani, yaron wanzami ne a farkon rayuwarsa. Sandar nan mai zanen ja da fari da ake gani a ƙofar shagunan aski na Turawa ragowar wancan zamani ce, ja na nufin jini, fari na nufin ƙyallen ɗauri.

Idan aka buɗe zabirar wanzamin Hausa, kusan aikin ɗaya za a tarar. Akwai askar aski, da ta kaciya, da ƴar tsaga, ga ƙaho, ga kayan cire beli, ga dutsen washi. Ranar suna shi ke aske kan jariri, kamar yadda sunna ta tanada a rana ta bakwai, kuma yana da kasonsa a ragon suna. A da shi ke yin tsagar gado. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja sun tafi da wannan sana'a har Salaga da Kumasi, shi ya sa har yau a Gana mai kaciyar gargajiya wanzam ake ce masa, ko da wanda ke faɗin kalmar bai san ta biyo ta bakin Hausawa ba.

Yadda ake koyon sana'ar ma ya yi kama. A Ingila dokar 1563 ta sa shekara bakwai a matsayin mafi ƙarancin lokacin koyon sana'a a gidan ubangida. A ƙasar Hausa babu adadin shekaru a rubuce, gado ne. Yaro yakan fara da ɗaukar wa ubansa zabira, ya ɗebo ruwa, ya wanke ƙaho, ya zauna yana kallo. Kafin a bar shi ya taɓa kan mutum sai ya iya wasa aska, domin dakusasshiyar aska ita ce ke yanka mutum, ba mai kaifi ba. In an ba shi kai, kan yara ƴan'uwansa ake fara ba shi, gyaran fuskar dattijo kuwa sai hannunsa ya faɗa.

A nan akwai abin lura ga mai nazarin karin magana. Tun da dai dole ɗan koyo ya koya a kan wani, al'ummu da dama sun tambayi kansu: kan wa? Larabawa suna cewa wane yana koyon aski a kan marayu, wato yana gwaji a kan wanda ba shi da mai tsaya masa. Tsohon karin maganar Faransawa ya ce a gemun wawa ake koyon aski, Ingilishi ma suna da irinsa. Hausawa sun dubi abin ta wata fuska, suka ce wanzami ba ya son jarfa: ya san zafin abin da yake yi wa mutane, ba ya so a yi masa. Dukkan waɗannan maganganu sun ginu ne a kan cewa mai riƙe aska daban, mai kai daban. Abin da ya faru a Turai a ƙarni na 18 shi ne aka haɗa su biyun a jikin mutum ɗaya, ɗan koyo ya zama shi ne marayan, shi ne kuma wawan.

4.0 Ƙarfe, madubi da littafin Perret

Abubuwa uku suka haɗu. Na farko yayi ne. Ƙarni na 18 zamani ne na fuska tas a Turai, mai gemu ana ɗaukarsa baƙauye ko mahaukaci. A Rasha, Sarki Bitrus Mai Girma da ya dawo daga rangadin Yammacin Turai a 1698 da hannunsa ya yanke gemun fadawansa, daga baya ya sa haraji a kan duk mai son barin gemu. Mutumin da ke son a ɗauke shi mai wayewa sai ya yi aski sau biyu ko uku a mako, wannan kuwa kuɗi ne da lokaci.

Na biyu madubi. Kamfanin gilashi na sarkin Faransa, wanda aka kafa a 1665 kuma aka fi sani da Saint-Gobain, ya karya kakagidan da Venis ta yi a wannan sana'a, madubin gilashi ya fara shiga gidajen masu matsakaicin hali. Ba a cika ambaton madubi a tarihin aski ba, alhali ba don shi ba babu zancen mutum ya aske kansa.

Na uku ƙarfe. Wajen 1740 wani mai gyaran agogo, Benjamin Huntsman, ya gano yadda ake narkar da ƙarfe cikin rufaffiyar tukunyar yumɓu a yankin Sheffield, ya fito tatacce, taurinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Irin wannan ƙarfe yana ɗaukar kaifi sosai kuma yana riƙe shi. Ana ba da labarin cewa maƙeran Sheffield sun ƙi shi da farko don ya yi musu tauri, Faransawa ne suka fara saye. Garuruwa uku suka shahara da ƙera aska daga baya: Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa.

A cikin wannan yanayi ne wani maƙerin wuƙaƙe da kayan fiɗa na birnin Faris, Jean-Jacques Perret (1730–1784), ya fitar da wani ɗan littafi a 1769 mai suna La Pogonotomie. Ya ƙera kalmar ne daga Girkanci: pogon gemu, tome yanka. Cikakken sunan littafin dogo ne, kamar yadda aka saba a lokacin, yana shaida wa mai saye cewa zai koyi aske kansa da kansa, zai san duwatsun washi iri-iri, zai iya shirya fatar goga aska, sannan a ƙarshe akwai bayani a kan tsaga jijiya. Wannan ƙarshen ya nuna cewa aski da fiɗa ba su gama rabuwa a tunanin mutane ba. Babbar hujjar Perret ta lafiya ce: askar wanzami da sabulunsa da tsummansa suna yawo daga fuska zuwa fuska, suna ɗaukar cutar fata daga wannan su kai wa wancan. Ya faɗi haka kusan shekara ɗari kafin Louis Pasteur ya tabbatar da aikin ƙwayoyin cuta. Ba za a ce babu son kai a maganarsa ba, tun da mai sayar da aska ne, kuma duk wanda ya bar wanzami sai ya sayi tasa. Amma son kan bai hana maganar zama gaskiya ba. Perret ya kuma ƙera wata aska da ya sa wa kube na katako, bakin kaɗai ya ɗan leƙo, ya kwaikwayi abin da kafinta ke goge katako da shi. An yi ta ne musamman don mai tsoro da ɗan koyo. Wasu littattafan sun biyo baya, kamar na Benjamin Kingsbury da ya fito a Landan a 1797.

5.0 Abin da ɗan koyo yake koya

Ya kamata a tsaya a nan a ga mene ne ainihin ilimin da aka ɗauko daga shagon wanzami aka zuba cikin littafi, domin bai sauya ba daga wancan lokaci zuwa yau.

Rabin aikin ana yin sa ne kafin aska ta taɓa fuska. Bakin aska siriri ne ƙwarai, kowane aski yana ɗan lanƙwasa shi ta yadda ido ba ya gani. Don haka kafin a fara sai a goga ta a kan fata. A kwantar da ita gaba ɗaya, bayanta da bakinta duk suna taɓa fatar, a ja ta bayan yana gaba bakin yana biye. In an kai ƙarshe sai a juya ta a kan bayanta, ba a kan bakinta ba. Ɗan koyon da ya juya ta a kan baki ya kashe kaifin, wataƙila ya yanke fatar ma. Goga a fata ba ya cin ƙarfe, miƙe bakin kawai yake yi. Washi a dutse shi ke cin ƙarfe, kuma shi akasin haka ake yi, bakin ke gaba. Ba kullum ake yin sa ba, sai bayan watanni. Masu aski na Turai sun daɗe suna neman wani rawayan dutse da ake haƙowa a Vielsalm ta ƙasar Beljiyam saboda laushin cinsa. Wanda ya taɓa zama gaban wanzami ya ga yana kaɗa aska a kan ƴar fata ko a tafin hannunsa kafin ya ɗora, ya ga wannan ilimi ba tare da littafi ba.

Sai jiƙa gashi. Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai, amma in ya sha ruwan ɗumi na minti biyu ko uku sai ya yi laushi. Aikin kumfan sabulu shi ne ya riƙe ruwan a jikin gashi, ya kuma sa aska ta yi santsi. Wanzaman da ba su da sabulu da ruwa kaɗai suke aiki, shi ya sa suke daɗewa suna murza kai da jiƙaƙƙen hannu, yaro yana ganin kamar mugunta ce.

Wajen askin kansa, ƙa'idojin kaɗan ne amma hannu ba ya saurin karɓarsu. A buɗe aska, a sa babban yatsa a ƙarƙashin wuyanta, yatsu biyu ko uku a sama. A kwantar da ita har kusurwar da ke tsakaninta da fata ta zama kamar digiri 30 ko ƙasa da haka. In ta miƙe tsaye kankara za ta yi, in ta kwanta sarai ba za ta ci ba. Ɗaya hannun ya ja fata ta miƙe, domin aska a lanƙwasar fata take kamawa. Kada a danna, nauyinta ya isa. A bi gashi yadda ya kwanta da gajeren ja, sai an ƙware a yi tunanin tayar masa. Babban haramci kuwa shi ne a ja aska ta tsawon bakinta, kamar mai yanka nama. Duk mummunan yanka daga nan yake zuwa, ko kuma daga ɗora aska a fuska alhali hannu bai yanke shawarar inda zai nufa ba.

Shawarar da aka saba ba ɗan koyo ita ce kada ya ce zai gama fuska a rana ɗaya. Ya fara da kunci, daga ƙarƙashin saje zuwa muƙamuƙi, a ɓangaren hannun da ya fi iyawa, nan ne fili shimfiɗaɗɗe. Bayan kwanaki ya ƙara ɗaya kuncin, inda zai tarar madubi yana juya masa dama da hagu, hannunsa kuma yana tare masa gani. Haɓa da ƙarƙashin hanci da maƙogwaro su ne na ƙarshe. Hausawa da suke cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kai suke nufi. A fuska, gaban goshin shi ne haɓa, inda gashi ya fi kauri, ƙashi kuma ya yi ƙusurwa. In an yi ɗan yanka sai a goga alif. A makarantun koyon aski na Turai da Amurka akan shafa wa balan-balan kumfa a ce ɗalibi ya aske shi ba tare da ya fashe ba. Wannan dabara tana koyar da sauƙin hannu, amma balan-balan ba shi da haɓa.

6.0 Daga aska zuwa reza

A ƙarni na 19 askar Turai ta kai matuƙar kyanta. An koyi rarake gefenta biyu a kan dutsen juyi har ta yi siriri tana ƙara idan tana cin gashi. Masu hali kan sayi akwati mai aska bakwai, kowace da sunan ranar mako a bayanta, bisa imanin cewa ƙarfe yana son hutu. Amma haɗarin yana nan. A 1842 John Thoreau, wan marubucin Amurka Henry David Thoreau, ya yanke yatsa da askarsa, ciwon sarƙe-haƙora ya kama shi ya mutu cikin ƴan kwanaki. Har a 1923 Lord Carnarvon, wanda ya ɗauki nauyin tono kabarin Fir'auna Tutankhamun, ya fama cizon sauro da aska, wurin ya ruɓe, ya rasu a Alƙahira. Jaridu suka ce la'anar Fir'auna ce. Kafin samuwar magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ƙaramin yanka yana iya zama ajali.

Saboda haka masu ƙirƙira ba su daina bin sawun Perret ba. A 1880 ƴan'uwan nan Kampfe a New York suka yi rajistar wata aska mai kariya mai siffar fartanya. Sai dai bakinta guntun aska ne mai kauri, dole a cire a goga a fata, a kai washi. An rage tsoro, ba a rage koyo ba. Wanda ya kawar da koyon shi ne King Camp Gillette, ɗan tallan kamfanin murafun kwalba, wanda maigidansa ya ba shi shawarar ya ƙirƙiro abin da za a yi amfani da shi a yar a sake saye. Tunanin ya zo masa a 1895, amma sai da injiniya William Nickerson ya gano yadda za a taurara siririn ƙarfe a wasa shi da inji. An kafa kamfanin a 1901. A 1903 sun sayar da mariƙi 51 da reza 168 kacal, a 1904 kuwa mariƙin da suka sayar ya kai kimanin 90,000. Tallarsu ta tsaya ne a kan abu biyu da mai saye ya huta da su: ba goga a fata, ba washi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙarasa aikin. Takunkumin kariya daga iskar guba ba ya kama fuska mai gemu, kuma ba a iya bin kowane soja da wanzami a cikin ramukan yaƙi. A 1918 rundunar Amurka ta raba wa sojojinta kayan askin Gillette, kimanin mariƙi miliyan uku da rabi da reza fiye da miliyan 30. Samarin da suka koma gida sun saba da aske kansu kowace safiya, kuma ba su taɓa koyon aska ba. Abin da ya biyo baya ƙari ne kawai: injin aski mai lantarki na Jacob Schick a 1931, rezar da ba ta tsatsa ta Wilkinson Sword a 1962, da ta roba ta Bic a 1975 wadda ake yarwa har da mariƙin. Zamanin da talakan Turai ya kasance ɗan koyon aska bai wuce shekara ɗari da hamsin ba, daga littafin Perret zuwa ƙarshen wancan yaƙi.

7.0 Reza a ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ba ta bi ta wannan mataki na tsakiya ba. Ba a yi wani zamani da magidanta suka sayi asake suna koyon aske fuskarsu ba. Dalilan a bayyane suke. Askin Bahaushe na kai ne kafin ya zama na fuska, kuma ba mai iya aske ƙeyarsa da buɗaɗɗiyar aska. Addini ya kwaɗaitar da barin gemu da rage gashin baki, don haka abin da ake bukata gyara ne na gefe-gefe, ba sharewa kullum ba. Wanzami kuma yana kusa, ladansa kaɗan ne, wani lokacin ma sai kaka ake biyansa da hatsi. Da reza ta shigo ta kantunan Turawa a zamanin mulkin mallaka, kalmar Ingilishi ta zo tare da ita, amma Hausa ta taƙaita ma'anarta. A Ingilishi razor ya haɗa da askar gaba ɗaya, a Hausa reza ita ce tsirarar siririyar kawai. Kuma aikin da aka fi ba ta shi ne yanke farce, da fiƙe fensir, da farke ɗinki, da yanke cibiya. Ma'aikata da sojoji da ƴan boko su ne suka fara aske fuska da ita. Shagon aski mai kilifa da madubi da hotunan salon aski a bango ya janye samari daga tabarmar wanzami, zanko da tukku suka zama kalmomin da sai an yi wa ɗalibi bayani.

Abin da ya fi girgiza askar maƙera shi ne cuta, wato dai hujjar Perret ce ta dawo bayan shekara ɗari biyu. Daga tsakiyar shekarun 1980, da ɓullar ƙanjamau, gidajen rediyo da ma'aikatan lafiya suka shiga gargaɗi a kan yin amfani da aska ɗaya ga mutane da yawa. A gaskiya ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau saurin bin wannan hanya, domin ƙwayarsa tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma yankinmu yana cikin inda cutar ta fi yawa a duniya. Goga aska a tafin hannu ko tsoma ta a ruwa ba ya kashe ta. Martanin da mutane suka yi iri biyu ne. Wasu magidanta suka sayi askarsu suka ajiye, in wanzami ya zo su miƙa masa. Wanzamai da yawa kuma suka koma sabuwar reza, a ɓare ta a gaban mai aski, a karya ta biyu, a sa rabin cikin wani mariƙi mai naɗewa mai kama da askar Turawa. Wannan gyara ne mai kyau kuma ba abin da za a yi jayayya da shi ba ne. Sai dai yaron da ya koyi sana'a da irin wannan mariƙi ya iya riƙo da kusurwa da jan fata, amma ba shi da dalilin sanin dutsen washi, maƙerin asake kuma ya rasa mai saye.

A Turai da Amurka kuwa, tun daga farkon shekarun 2000 aka sami wasu maza da suka koma wa buɗaɗɗiyar aska don sha'awa, wasu don gajiya da tsadar rezar zamani mai baki uku ko biyar. Fim ɗin James Bond mai suna Skyfall, na 2012, wanda aka nuna ana yi wa jarumin aski da ita, ya ƙara mata kasuwa. Tsofaffin masana'antu irin su Dovo a Solingen, wadda aka kafa a 1906, da Thiers-Issard a Faransa su ne suka amfana. Waɗannan sababbin ƴan koyo ba su da uba ko kaka da ya iya, don haka daga bidiyon intanet suke koyo. Akan shawarce su da su fara da aska mai faɗin kashi biyar cikin takwas na inci, mai zagayayyen tsini don kada ta soki kunne, kuma su aika da ita wurin gwani ya wasa musu kafin askin farko, saboda yawancin sababbin asake ba sa fitowa daga masana'anta da kaifin da ya isa fuska.